Wane Mai Ya Dace Da Taf Da Dayis?

Ran nan muna cikin ɗakin koyon aikin ƙarfe, sai wani ɗalibi ya zo ya tsaya a gabana da guntun ƙarfe a hannu, ya kasa magana. Na karɓa na duba, sai na ga taf ne ya karye cikin rami, rabinsa ya maƙale, ko wurin kamawa babu. Na ce, "Ka sa mai kuwa?" Ya ce, "Na sa, Malam." Na ce, "Wane iri?" Ya nuna mini wani gwangwanin madara cike da baƙin man da aka juye daga injin ba da wuta. To, ka ji inda gizo ke saƙar. Yaron bai yi ƙyuya ba. Ya ji an ce a sa mai, ya kuwa sa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne aikin da man ya ke yi a wurin, kuma laifin wannan namu ne, mu masu koyarwa.

Domin waɗanda ba su shiga wannan aji ba, bari in fara da bayanin kayan. Kowa ya san noti da ƙusarsa, ya kuma san haƙoran nan da suka naɗe jikin ƙusar kamar zare a jikin mazari. Abin da a ke yanka haƙoran cikin rami da shi, irin na cikin noti, shi ne taf. Ƙarfe ne mai kama da ƙusar noti, amma an yi masa kwari uku ko huɗu a tsaye, domin ya sami kaifi, ɓarɓashi kuma ya sami wurin taruwa. Wanda a ke yanka haƙoran waje da shi, a jikin sanda ko bututu, shi ne dayis, mai kama da noti da aka huda masa ramuka a gefe. Dukansu biyu ana dafa su har su yi tauri ƙwarai, abu kuwa in ya cika tauri ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye kamar kwalba. In taf ya karye cikin aiki, mahujin da mu ke da shi ba ya iya huda shi, gama taurinsu ɗaya ne ko ma taf ɗin ya fi. Sau da yawa aikin kwana biyu ne ya ke tafiya juji, tare da taf ɗin da makaranta ba ta da wani irinsa. Ku da za ku fita ku riƙe ajin sana'a a makarantun da kuɗin kayan aiki sai an yi shekara ana rubuta takarda, kun ga wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yawancin mutane in aka tambaye su amfanin man, sai su ce don ya sanyaya ƙarfen. Wannan magana tana da asali. Wani injiniya na Amurka, Frederick Taylor, ya gwada tun wajen 1883 ya ga in ana kwarara ruwa bisa bakin mayanki, inji yana iya yanka ƙarfe da sauri fiye da dā da kamar kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Amma wannan zancen inji ne mai gudu, inda zafi shi ne babban abokin gaba. Mutumin da ke juya taf da hannu ba ya tara zafin a zo a gani. Matsalarsa dabam ce.

Ga yadda abin ya ke. Kowane ƙarfe da ya sha iska yana da wata 'yar fata siririya a bisansa, wadda ido ba ya gani. Sa'ad da haƙorin taf ya yanka, sai ya tone sabon ƙarfe tsirara wanda ba shi da wannan fata, ya kuma danna shi da ƙarfin gaske a jikinsa. Sabon ƙarfe in an matse shi haka da wani ƙarfe, mannewa ya ke yi, kamar an yi masa walda ba wuta. Sai ɗan ƙullutu ya taru a bakin haƙorin, kaifi ya ɓace, taf ya daina yanka ya koma yagewa. Shi ya sa ka ke ganin haƙoran da aka yanka a bushe sun fito kaca-kaca kamar ɓera ya gaigaye su. Bayan wannan kuma, ba haƙori ɗaya ne ke aiki ba. Na gaba suna yanka, na baya duka suna goga jikinsu cikin hanyar da aka riga aka yanka, kowane juyi kuwa yana ƙara yawan masu gogar. Hannu ya ji nauyi, mai aiki ya ƙara ƙarfi, sai ka ji ƙas!

Watau aikin mai a nan shi ne ya shiga tsakanin sabon ƙarfe da haƙori ya hana su mannewa, sa'an nan ya taimaka wa ɓarɓashi ya zame zuwa cikin kwarin taf. Ba kowane mai ne zai iya wannan ba. Man inji an yi shi ne domin ƙarafa biyu masu santsi da ke gudu bisa juna, gudun ne ke jawo shi ya zauna tsakaninsu. A bakin haƙorin taf babu gudu, matsi ne kawai, sai a matse shi ya fice ya bar ƙarfe da ƙarfe. In kuwa tsoho ne, baƙi, ga toka ga ƙurar ƙarfe a cikinsa, masu dushe kaifi. Likitoci ma suna gargaɗi kada a bar shi yana daɗewa a fata. Ban ce sabon man inji bai fi babu ba. Ya fi, a rami ɗaya ko biyu cikin ƙarfe mai laushi. Amma shi ne na ƙarshe cikin jerin.

Man da ke riƙewa a wurin shi ne mai kitse, na dabba ko na tsiro, domin shi yana kama jikin ƙarfe ya like, matsi ba ya korarsa da sauƙi. Tsofaffin littattafan aikin ƙarfe na Ingila da Amurka man kitsen alade su ke yabawa, kuma ɗalibi ya kan karanta haka ya ɓata fuska. Ba sai da shi ba. Kitsen saniya ko na rago da aka narkar aka tace, ko man gyaɗa, duk hanya ɗaya su ke bi. Manja ma haka. Kada a manta, manjan da a ke kwasa daga gaɓar tekun ƙasar nan cikin shekarun 1800, da shi a ke haɗa man shafa wa ƙafafun jiragen ƙasa da injuna a Ingila. Ni dai a ƙarfe na yau da kullum, irin na ƙirar ƙofa da kujera, man gyaɗa na fi so, cokali ɗaya ya ishi ajin yini guda. Aibinsu ɗaya ne: in aka bar su a jikin kaya suna yin ɗoyi, su daskare kamar ƙaro, su riƙe ɓarɓashi. Dole a goge bayan aiki.

Wanda ya fi su duka a baƙin ƙarfe shi ne man yanka na kanti, mai duhu, mai warin farar wuta, irin wanda masu aikin famfo ke zuba wa dayis. Farar wutar da ke cikinsa tana haɗuwa da sabon ƙarfen nan take, ta yi masa wata sabuwar fata mai saurin zamewa. Ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa lalle shi ya ke bukata, ko irinsa mai kauri kamar man kaɗanya, gama wannan ƙarfe yana da mugun hali: in taf ya goge shi bai yanka ba, sai wurin ya ƙara tauri, juyi na biyu ya fi na fari wuya. Amma kada a kai man farar wuta ga jan ƙarfe ko tagulla, yana baƙanta su.

Sauran ƙarafa kowane da nasa. Alminiyam, wanda tsofaffi ke kira sanholo, laushi gare shi da danƙo, ya fi kowa son mannewa a haƙori, kuma kananzir ne maganinsa. Jan ƙarfe ma mai danƙo ne, mai kitse ya ke so. Tsofaffin maƙera na Turai har da madara su ke yanka shi. Tagulla, watau haɗin jan ƙarfe da tutiya, ɓarɓashinta gajere ne mai marmashewa, ana yanka ta a bushe ko da ɗigon mai marar kauri. Sai ƙarfen zubi, irin na jikin inji da gindin keken ɗinki na dā. Wannan a bushe a ke yanka shi, ɗalibai kuwa su kan yi mamaki. Dalili shi ne yana ɗauke da baƙin abin nan mai santsi na cikin fensir, ya zo da man shafawarsa tun daga tukunya. Ɓarɓashinsa gari ne, in ka zuba mai sai garin ya zama kwaɓi mai cin kaifi, ya toshe kwarin taf.

Yanzu sai yadda a ke sawa. Tun kafin a taɓa mai, a tabbata ramin daidai ya ke. A haƙoran awon milimita lissafin ba wuya: a cire tazarar haƙori daga kaurin ƙusa. Ƙusa mai milimita 6 tazararta 1 ce, mahujinta 5. Mai 8 tazararta 1.25, mahujinta 6.8. Mai 10 tazararta 1.5, mahujinta 8.5. In ka huda 8 a wurin 8.5 don shi ka ke da shi a akwati, ko tulun mai ka juye taf zai sha wuya. A kuma lura da irin haƙoran. Na bututun ruwa da aka saba da su a ƙasar nan sun bi tsarin da Joseph Whitworth na Ingila ya kawo a 1841, kusurwar haƙorinsu digiri 55, na milimita kuwa digiri 60. Kada a tura taf na wani tsari cikin haƙoran wani a ce mai zai daidaita su.

A ɗaure aikin da kyau a bayis. A shafa man a haƙoran taf da ɗan burushi, ko gashin kaza in babu, a ɗiga kaɗan cikin ramin. Taf na hannu uku ne a jere: na fari mai dogon tsini, na biyu matsakaici, na uku mai kai haƙora har gindin rami. Kowane a shafa masa nasa. A juya gaba kamar rabin kewaye, a komo baya kamar kwata, har a ji ɓarɓashin ya tsinke. Wannan komowa baya amfaninta biyu ne, ɗalibai kuwa ɗaya kaɗai su ke riƙewa. Tana karya ɓarɓashi, gaskiya ne, amma kuma ita ce ke buɗe 'yar kafar da mai zai bi ya kai bakin haƙori. Wanda ke tura taf gaba ba ja da baya, man da ya shafa tun farko ya ƙare a juyi na uku, sauran duk a bushe ya ke yanka ko da waje ya jiƙe sharkaf.

Ramin da bai ɓulle ba shi ne mai cin taf. Ɓarɓashi da mai suna taruwa a gindinsa, taf ya sauka a kansu ya tsaya, mai aiki ya zaci tauri ne ya ƙara ƙarfi. A riƙa fitar da taf gaba ɗaya, a share kwarinsa da burushi, a kifar da aikin a kaɗe, a sāke mai, sa'an nan a ci gaba. Kada a cika irin wannan rami da mai har baki, kuma kada a hura da baki ido na kusa. Inda ba a son ɓarɓashi ya faɗa ciki ko kaɗan, kamar gyaran haƙoran ramin fulogi a kan injin babur, sai a cika kwarin taf da giris, ɓarɓashin ya manne a ciki a fito da shi tare.

Dayis shi ma haka, sai dai a nan jikin sandar a ke shafa wa mai, tsawon inda za a yanka. A fara rage bakin sandar da magagari, a sa gefen dayis mai faɗin baki ya fuskanci aikin. In irin mai tsaga ne, a buɗe shi a zagayen farko, a matse a na biyu da sabon mai. A bututu kada a yi rowa, a zuba har ya riƙa ɗiga, a ajiye kwano a ƙasa ya tara. In bututun ruwan sha ne a wanke shi sarai kafin a ɗaura.

Akwai inda mai ya ke zama haɗari. Duk abin da zai taɓa iskar oksijin, kamar kan tukunyar walda da mahaɗanta, ba a kusantarsa da mai ko giris ko kaɗan, domin mai cikin matsattsiyar oksijin yana kama wuta da kansa. Fetur kuma ba abin yanka ba ne, ba abin wanke taf ba ne cikin ɗaki mai yara. In kuma kun tarar da tsohon gwangwanin ruwan taf a ma'ajin makaranta, farin ruwa mai saurin bushewa da ƙamshi kamar na maganin asibiti, ku bar shi a rufe. Irin na dā ana haɗa su da wasu sinadarai masu kulorin, ɗaya daga cikinsu yana lalata hanta, kuma gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Montiriyal a Landan a 1990 ya sa su cikin abubuwan da za a daina yi saboda suna ɓata rufin iskar ozon.

In an gama aiki a wanke taf da dayis da ɗan kananzir da tsohon burushin haƙori, a tsane, sa'an nan a shafa musu sabon man inji kaɗan. Ga wurin da man inji ya fi man gyaɗa, domin shi ba ya ɗoyi, yana kuma tsare tsatsa, musamman da damina a wuraren da iska ke da laima. A mai da kowane gurbinsa, kada a zube su cikin gwangwani ɗaya haƙora suna karo da juna.

Ranar da kuka fara koyar da wannan darasi, ku huda ramuka uku na milimita 8.5 a guntun ƙarfe ɗaya. Na fari a yanka shi a bushe, ku da kanku, a hankali, juyi huɗu ko biyar kurum. Na biyu da man inji, na uku da man gyaɗa. Ku bar kowane yaro ya ɗora hannu bisa mariƙin ya ji nauyin juyi ɗaya a kowane rami, sa'an nan ku ɗaga ƙarfen wajen hasken taga su leƙa haƙoran.