Darasi: Yadda Ake Kula Da Tsohuwar Fitila Mai Famfo

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata fitila ne wadda da yawanku ba ku taɓa kunnawa ba, ko da yake wataƙila wasunku sun ga irinta a ɗakin kakanni. Ita ce fitila mai famfo, mai huci kamar maciji, mai haske fari fat. Ba fitilar ƙwai ba ce, ba kuma aci-balbal ba. A Amurka da Turai, masu fita daji shaƙatawa su kafa tanti su kwana suna ji da ita ƙwarai, kuma har yau akwai masu kunna wadda ta shekara 50 ko 60 tana ci lafiya lau. To, mene ne sirrin? Kulawa ce kawai. Amma fa ku sani, fitilar da ba a kula da ita ba tana iya cinye tanti da abin da ke cikinsa.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1885 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Carl Auer von Welsbach ya ƙirƙiro wata 'yar ragar zare da ake jiƙawa da sinadari, wadda in ta sha wuta sai ta yi haske mai ƙarfi. Ya ƙara inganta ta a 1891. A wannan darasi za mu kira ta riga. A 1910 Max Graetz na birnin Berlin a Jamus ya fito da fitilar Petromax mai amfani da kananzir. A 1914 kamfanin Coleman na garin Wichita, jihar Kansas ta Amurka, ya fitar da tasa ta ɗauka a hannu. A Ingila kuma akwai Tilley. Yawancin fitilun Coleman suna da lambobi a gindin tanki masu nuna wata da shekarar ƙira. Misali, in ka ga 5 da 68, to a watan Mayu na 1968 aka yi ta.

Yadda take aiki

Ga abin da za ku riƙe ko da kun manta sauran: wannan fitila ba ruwan mai take ƙonawa ba, tururin mai take ƙonawa. Fitilar ƙwai tana tsotso kananzir ta lagwani. Ita kuwa wannan ba ta da lagwani. Kana buga famfo, iska na taruwa a saman man da ke cikin tanki, ta danne shi. Sai man ya hau ta wani siririn bututu da ke tsaye kusa da wuta, wato bututun tururi. Zafi ya mai da shi tururi, ya fita da ƙarfi ta wani ɗan rami mai ƙanƙanta fiye da kafar allura. Daga nan ya gauraya da iska, ya shiga riga ya kama da wuta. Wutar kanta shuɗiya ce, ba ta da wani haske sosai. Rigar ce ke ɗaukar zafi ta haskaka. Babbar Petromax mai cin lita 1 takan yi kamar awa 8 tana ci, haskenta kuwa ana ƙiyasta shi da na kyandir 500.

Kun ga ke nan abubuwa uku take bukata: matsin iska, da zafi, da hanya a buɗe. Duk ciwon da za ta yi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya samu matsala.

Na farko: sanin man da take sha

Kafin komai, a karanta abin da aka rubuta a jikinta. Petromax da Tilley kananzir suke sha. Yawancin tsofaffin Coleman kuwa wani tataccen farin mai suke sha, ɗan'uwan fetur, ko da yake akwai nasu na kananzir. Ba a musanya su. Dalili shi ne, kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin salshiyos, fetur kuwa ko a sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa yana fitarwa. Wanda ya zuba fetur a fitilar kananzir ya kira gobara da kansa. Haka nan a guji kananzir ɗin da ake zargin an gauraya da fetur. In ka ji warinsa ya sauya, ka haƙura da shi.

In fitilar ta daɗe a ajiye, a juye tsohon man, domin yakan yi danƙo ya toshe hanya. A zuba sabo kaɗan, a girgiza, a zubar, a maimaita har ya fito garau ba tsatsa. Wajen cikawa a yi amfani da mazurari mai matata, kuma kada a cika fam. A bar kamar kashi 1 cikin 4 domin iska ta samu wurin zama.

Na biyu: matsin iska

A ƙarshen sandar famfo akwai wata 'yar fata mai kama da ƙoƙo. In ka buga ka ji famfo na tafiya zurum ba ya turjewa, to fatar ce ta bushe. Zaro sandar, ka jiƙa fatar da man keken ɗinki ko man inji mara kauri, ka bar ta ta sha, ka ɗan buɗa bakinta da yatsa, sannan ka mayar a hankali kada ta naɗe. In ta tsage, sai sabuwa.

In kuma famfo na aiki amma iska ba ta zama, duba robar da ke cikin murfin tanki. Da tsufa takan ƙandare kamar ƙashi. A canza ta. A gindin famfo kuma akwai ɗan makulli mai barin iska ta shiga amma ba ta dawowa. Alamar lalacewarsa ita ce sandar famfo ta riƙa tasowa da kanta, ko ka ga mai a cikin famfon. Irin wannan fitila ba a kunna ta sai an gyara.

Ga gwaji mai sauƙi: ba tare da an kunna ba, a buga iska, a shafa ruwan sabulu a murfi da duk mahaɗai. Inda ka ga kumfa na tasowa, nan ne ke yoyo. In kuwa jikin tankin ne ya tsage ko tsatsa ta huda shi, to ta gama aiki, sai dai a ajiye ta don ado.

Na uku: hanya a buɗe

A cikin bututun tururi akwai siririyar allura mai share ramin nan. Akwai maɓallin da ake juyawa ta leƙo ta koma. In haske ya ragu ko yana lumshewa, juya shi sau biyu ko uku. Kada ka kuskura ka sa allurar ɗinki ko tsinke a ramin, domin da zarar ya faɗaɗa, mai zai yi wa iska yawa, fitila ta dinga hayaƙi har abada. In baƙin gawayi ya cika bututun, a kwance a goge, ko a sa sabo.

Akwai kuma bututun da iska ke bi. Gizo-gizo da zanzaro suna son yin gida a ciki idan fitila ta daɗe a rataye. Alamarsa wuta ja mai hayaƙi tana fitowa a wajen riga. A zura waya mai laushi a share.

Na huɗu: zafi da riga

Sabuwar riga ana ɗaura ta ne da zarenta, a daidaita ta, a datse ragowar zaren, sannan a kyasta mata ashana a waje, ba a buɗe mai ba. Za ta ƙone ta tsuke ta zama farin toka. Daga nan ba a taɓa ta, ko da ɗan yatsa. Rigar da ta huje a cire ta nan take, domin harshen wuta zai riƙa fita ta hujin ya fasa ƙwan fitila. Tsofaffin riguna suna ɗauke da sinadarin toriyom mai fitar da 'yar ƙaramar tiriri mai cutarwa, shi ya sa yanzu aka fi yin su da wani sinadarin. In ta dā ce, kada a shaƙi hayaƙinta, a kuma wanke hannu bayan an kwashe tokar.

Fitilar kananzir sai an ɗumama ta. Ana zuba sifirit a ɗan kofin da ke gindin bututun tururi, a kunna, a jira har ya kusa cinyewa, sannan a buɗe mai. Mai gaggawa shi ke ganin wuta ta tashi bal-bal, saboda ruwan mai ne ya fito, ba tururi ba. In haka ta faru, kada ka ruɗe ka yar da ita. Rufe mai, ka ja da baya, ka bari ta huce. Ta Coleman mai farin mai ba ta bukatar sifirit.

Dokokin tsira

1. A zuba mai a waje, nesa da wuta, bayan fitila ta huce sarai.
2. Ba a buɗe murfin tankin fitila mai farin mai tana ci ko tana da zafi.
3. Ba a kunna ta cikin tanti ko ɗaki a rufe. Tana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri, ta kashe mutum yana barci. Allah ya kiyaye.
4. Hular samanta tana ƙuna ƙwarai. A nisanta ta da yadi, da zana, da hannun yara.
5. Yaro ba ya kunna ta sai da babba a tsaye.
6. In za a ajiye ta na tsawon watanni, a saki iska, a juye mai, a sa ta inda ba danshi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta fitila mai famfo da fitilar ƙwai?
2. Kawo abubuwa uku da take bukata kafin ta ci.
3. Famfo na tafiya zurum. Me ya lalace, yaya za a gyara?
4. Don me ba a share ramin tururi da allurar ɗinki?
5. Don me ba a kwana da ita cikin tanti?

A rubuta amsoshi a nuna wa Malam ko Malama. Sai mun haɗu a darasi na gaba. Wassalam.