Kwana Biyu a Bakin Tafki

Karatu: Markus 6:30-46, Littafin Firistoci 23:33-43

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yaushe rabonka da ka farka da asuba ba ƙarar gbaka ce ta tashe ka ba? Idan a Biyafara kake zaune, kana tsallaka gada kullum daga Treichville zuwa kasuwar Adjamé, ka san yadda mako yake wucewa. Ruwan Ébrié yana nan kusa da kai, amma ta tagar mota kawai kake ganinsa. Dajin Banco kuma, wanda aka keɓe tun 1953, yana cikin Abijan ɗin nan, da yawanmu kuwa ba mu taɓa shiga inuwarsa ba.

Wani lokaci ikilisiya takan shirya fita ta kwana biyu zuwa wani ɗan wuri mai itatuwa a bakin ruwa, wataƙila wajen tafkin Aghien, bayan Bingerville. Ba otal ba ne. Tabarma ce, da gidan sauro, da tukunya ɗaya ta kowa da kowa. Da zarar an yi sanarwa sai lissafi ya tashi a zuciya: wa zai tsare mini teburi? Kwana biyu ba ciniki, me zan aika wa iyaye a Maraɗi ko Katsina? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, kada kuma kowa ya raina mai yin ta. Amma bari mu kai ta gaban Maganar Allah.

A Markus sura 6, almajirai sun komo daga aikin da Yesu ya aike su. Mutane suna ta kai da kawowa, har ba su sami zarafin cin abinci ba. A wannan lokaci ne kuma labarin kisan Yahaya Maibaftisma ya iso. Ga gajiya, ga baƙin ciki. Sai Ubangiji da kansa ya kira su gefe su huta kaɗan. Ka lura, ba su ne suka roƙa ba. Aiki bai ƙare ba, marasa lafiya suna nan, duk da haka ya sa su cikin jirgi. Wanda ya halicci jikinka ya fi ka sanin iyakar ƙarfinsa.

Tekun Galili tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa kamar kilomita 21, faɗinsa kamar 13. Mutum a gaɓa yana iya ganin inda jirgi ya nufa. Shi ya sa jama'a suka bi ta bakin ruwa da gudu, suka riga su isa. Hutun da aka shirya ya rushe tun kafin a fara shi. Yesu bai yi fushi ba. Ya ji tausayinsu, ya koyar da su, ya zaunar da su a kan ɗanyar ciyawa, ya ciyar da maza 5,000 da gurasa 5 da kifi 2. Almajiran da ba su sami lokacin cin abinci da safe ba, su ne suka kwashe kwanduna 12 na ragowa da yamma. Bayan haka ya sallami kowa, ya hau dutse shi kaɗai domin addu'a. An jinkirta masa keɓewa, amma bai fasa ta ba.

Kai ma haka za ta same ka. Za ka isa bakin tafki, ka shimfiɗa tabarma, sai waya ta yi ƙara: yaron shago ya ɓatar da makulli. Ko kuwa ɗan'uwan da ke kwance kusa da kai ya fara ba ka labarin damuwarsa har tsakar dare. Saurare shi, watakila dominsa aka kawo ka. Amma idan gari ya waye, kashe wayar, ka nemi gindin itace kai da Littafinka.

Yanzu ka buɗe Littafin Firistoci sura 23. Allah ya umarci Isra'ila su bar gidajensu kwana 7, daga ranar 15 ga wata na 7, su zauna a bukkoki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da ya zaɓa: bayan an gama tattara amfanin gona, rumbu cike. A daidai lokacin da mutum yake so ya kwana kusa da dukiyarsa yana gadi, a nan ne aka ce masa ya fita ya kwana ƙarƙashin ganye. Dalili kuwa, domin 'ya'ya da jikoki su san cewa a bukkoki kakanninsu suka zauna bayan fitowa daga Masar, kuma ba su mutu da yunwa ba.

Mu baƙin Abijan ba ma bukatar dogon bayani a kan bukka. Waɗanda suke nan a 2002, da kuma 2011, sun ga mutane sun bar ɗaki da kaya cikin dare ɗaya. A 2024 an rushe unguwar Boribana a Attécoubé, iyalai suka kwana a fili. Waɗannan ba su zaɓi fita ba. Kai kuwa ana gayyatarka ka fita da yardar ranka, kwana biyu kacal, ka ga ko Allah zai iya riƙe teburinka ba tare da kai ba. A ganina, yawancin masu cewa ba su da lokaci, tsoro ne yake damunsu, ni ma na daɗe a cikinsu.

Idan kuɗin mota ne ya gagara, faɗa wa dattawan ikilisiya, kada kunya ta hana ka. Idan kuwa tafiyar ba ta yiwu ba ko kaɗan, ka tuna da mutanen zamanin Nehemiya, sura 8: a kan rufin gidajensu da tsakar gida suka kafa bukkokinsu. Ranar Lahadi bayan sujada, sauka bakin Ébrié da ƙafa, ka zauna awa ɗaya.

Addu'a: Ya Uba, ka san abin da nake tsoron rasawa idan na rufe shago. Ka tsare shi, ka tsare iyayena a gida, ka kuma ba ni ƙarfin hali in rubuta sunana cikin masu tafiya. A cikin sunan Yesu, amin.