Mai babur da direban mota: yadda za ka warware lissafin tafiya

Ɗalibanmu na Kuki, Kurfi da Dutsin-Ma masu shirin WAEC ko NECO, tambayar gudu da nisa da lokaci ba ta da wuya in an tsara ta. Ka'idar ɗaya ce: nisa shi ne gudu sau lokaci.

Mu ɗauka mai babur ya bar tashar Dutsin-Ma zuwa Katsina ta hanyar Kurfi, yana gudun kilomita 40 a awa. Bayan minti 15 sai motar haya ta biyo shi da gudun kilomita 60. Yaushe za ta cim masa?

Kafin ka taɓa lissafi, ja layi a takarda, ka sa su biyun a kai. Sai ka kira lokacin motar t. Mai babur ya riga ta da kwatan awa, don haka nasa t + 1/4 ne. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, su rubuta 0.15. Minti 15 kwatan awa ne, wato 0.25, kuma wannan kuskure kaɗai ya isa ya cinye makin gaba ɗaya.

Inda suka haɗu, nisansu ɗaya ne: 60t = 40(t + 1/4). Buɗe baka, ka samu 60t = 40t + 10, wato 20t = 10, t rabin awa ke nan.

Kada ka miƙe tukuna. Gwada amsar: mota ta yi kilomita 30, shi ma mai babur minti 45 a gudun 40, kilomita 30 ne.