Amsar Tambaya: Gane Ma'anar Dogayen Kalmomin Turanci

Tambaya: Wani ɗalibi na neman hanyar fahimtar dogayen kalmomin Turanci.

Amsa: Yawancinsu haɗe-haɗe ne, don haka ɗalibi ya fara gano saiwa, wato asalin kalmar, sannan ya duba ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙananan sassan da ake liƙa mata gaba da baya. A kalmar antidisestablishmentarianism, mai haruffa 28, establish na nufin kafawa, dis na warware kafawar, anti na nuna adawa, ism kuwa aƙida, wato aƙidar masu adawa da raba Cocin Ingila da gwamnati a ƙarni na 19. Wannan hanya ta fi haddar ƙamus amfani, musamman ga mai karatun likitanci, inda saiwoyin Latin da Girkanci suka yi yawa.