Matakan Kai Rahoton Tangarɗa a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura mai rubuta aikinsa da LibreOffice, da direban da ke bin taswirar OsmAnd zuwa Kongolam, dukansu da buɗaɗɗiyar manhaja suke aiki, wato wadda aka bar asalin rubutunta a fili, kowa na iya dubawa ya gyara. Akasarin masu kula da ita suna nesa da mu. Ba sa rubutu da ƙ, ɗ ko ɓ, ba su kuma san yadda sabis ke ɗaukewa a ƙauyukan Baure da Zango ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kai rahoton tangarɗa aikinmu ne.

1. Sabunta manhajar tukuna. Sau da yawa an riga an gyara matsalar a sabuwar siga.

2. Sake jarrabawa. Bi hanyar da ka bi har tangarɗar ta sake faruwa. Abin da mai gyara bai iya maimaitawa a na'urarsa ba, da wuya ya gyaru.

3. Nemi ƙofar da ta dace. LibreOffice da Firefox suna karɓar rahoto a Bugzilla, Wikipedia a Phabricator, OsmAnd a sashen Issues na GitHub. Idan kuwa sunan unguwa ko hanya ne aka rubuta ba daidai ba a taswira, gyaran na OpenStreetMap ne, kuma kai ma kana iya yin sa.

4. Duba ko wani ya riga ka. In ka samu irin rahotonka, ƙara bayaninka a ƙarƙashinsa, kada ka buɗe sabo.

5. Rubuta dalla-dalla. "Ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Faɗi sigar manhajar, da samfurin wayarka ko kwamfutarka, da abin da ka danna ɗaya bayan ɗaya, da abin da ka sa ran gani, da abin da ya fito. A ce ka nemi "Ƙofa" bai fito ba, amma "Kofa" ya fito: rubuta kalmomin biyu yadda suke, domin mai gyara ya kwafa ya gwada. Galibi da Turanci ake rubutawa, kuma gajerun jimloli sun wadatar. Matsala ɗaya, rahoto ɗaya.

6. Haɗa da hoton fuskar wayar, amma ka goge lambar waya, NIN ko BVN, domin duniya ce za ta gani. Tangarɗar da ta shafi tsaro kuwa a asirce ake aika ta ga masu manhajar.

7. In sabon abu kake so a ƙara, fara da buƙatar: wa zai amfana, me yake fama da shi yanzu? Bayanin ɗan kasuwar Mai'adua da ke son manhaja ta yi aiki babu intanet ya fi "ku ƙara kaza" ƙarfi.

8. Bi sawu cikin ladabi. Da yawa daga masu gyaran 'yan sa-kai ne. Amsa tambayoyinsu, ka gwada gyaran in ya fito, ka sanar da su sakamako.

Malaman kwamfuta da ɗaliban masarautar Daura, ku mai da wannan al'ada. Duk tangarɗar da kuka gani a wannan makon, ku kai rahotonta.