Darasi: Yadda Ake Ajiye Ragowar Banish Da Fenti Kada Su Daskare

Darasinmu na wannan fitowa ba na gero ba ne, ba kuma na wake ba. Na ragowar man katako ne, wato banish da fentin mai, irin wanda muke shafa wa ƙofar sito da benci da akwatin kuɗi. Dalilin ɗauko shi kuwa, bara na sayo galan guda na banish a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kafinta ya gyara mini ƙofofin sito biyu, rabi ya rage. Na doka murfi na tura shi lungu, ƙarƙashin rufin kwano. Da kaka ta zagayo na buɗe, sai na tarar ya daskare kamar kwantan tuwo. Rabin kuɗina ya tafi ke nan, ba ɓarawo, ba gobara.

Fasali na farko: abin da ke kashe shi

Ka sani, ya ɗan'uwa, banish mai mai ba bushewa yake yi irin ta wanki a igiya ba. Iska yake sha, man da ke cikinsa ya haɗu da ita ya ƙanƙare, shi ya sa yake tauri a jikin katako. To, galan lita 4 ne. In ka shafe lita 2 ka rufe, ka kulle shi ke nan tare da iska lita 2. Aikin da zai yi a jikin ƙofa sai ya yi shi a cikin gwangwani: ya fara da ɓawo a sama, sannan ya yi kauri, sannan ya mutu.

Mu masu hatsi wannan ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Buhun PICS mai ninki uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007, ba magani ake zuba masa ba. Iska yake hana wa ƙwaro, ya mutu, wake ya tsira. Haka nan duro in an cika shi an toshe. To, banish ma haka: hana masa iska, ya zauna.

Fasali na biyu: yadda za ka yi

Na ɗaya, kada ka tsoma burushi cikin galan. Tsiyayi abin da za ka shafa a wani ƙaramin gwangwani, ka rufe babban nan take. Abin da ya rage a ƙaramin kada ka mayar, don ya riga ya kwashi ƙura da garin katako.

Na biyu, in aiki ya ƙare, juye ragowar a ƙaramin gwangwani ko kwalba mai murfin murɗawa, busasshiya, ka cika ta har wuya. In ba ta cika ba, wanke tsakuwa, ta bushe sarai, ka zuba har man ya hau. Ka guji gorar ruwa ta roba, domin tina tana cin wata robar.

Na uku, goge bakin gwangwani tas, ka shimfiɗa leda, ka ɗora murfi. Kada ka doke shi da guduma kai tsaye ya lanƙwashe. Sa guntun katako a kai, ka bi gefe-gefe a hankali. Sannan ka kifa shi na ɗan lokaci, man ya liƙe kafar iska da kansa.

Na huɗu, rubuta sunan abin da ranar da ka rufe, ko da ajami ko da boko.

Na biyar, wurin ajiya. A watan Afrilu da Mayu zafin Haɗejiya yakan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka, zafi kuma yana gaggauta daskarewa. Nemi ɗakin ƙasa mai sanyi. Amma kada ka ajiye a daɓe. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, yadda ruwa ya shiga garuruwan Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, ya san daɓen ƙasarmu ba amana gare shi ba. Ko ruwa bai shigo ba, laimar damina tana cin gindin gwangwani da tsatsa. Ɗora shi bisa kanta.

Fasali na uku: ba duka ne hali ɗaya ba

Mai mai, in ɓawo kaɗai ya yi, yanke ɓawon ka cire, ka tace da tsohon gidan sauro, ka ɗan sirka da irin abin sirkinsa. In ya yi gudaji ko ya zama kamar kamu, ya mutu. Tina ba ta tayar da shi. Irin wanda kafintoci ke fesawa da inji kuwa, tinarsa ce ke tashi ya yi kauri, in an ƙara masa ita yakan dawo. Na ruwa shi ruɓewa yake yi. In ka buɗe ka ji wari kamar tsamin ƙullu, rabu da shi. Ko wanne ne, gwada a guntun katako ya kwana. In gari ya waye yana danƙo, kada ka kai shi jikin ƙofa, sai ka kankare daga baya.

Gargaɗi

Kada ka haɗa shi ɗaki ɗaya da hatsi. Shinkafa da gero suna ɗaukar wari, mai saye kuwa hancinsa ya riga idonsa. Kada ka zuba tina a kwalbar lemo, yaro ya ɗauka abin sha ne. Ka nisanta shi da murhu da fitila. Tsumman da aka goge mai da shi, in aka dunƙule shi aka tara, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa; baza shi a fili ya bushe, ko ka jiƙa shi a ruwa. Wanda ya mutu kuma kada a zuba a kogi ko fadama, inda ake kamun kifi ake noman shinkafa. Bar shi a buɗe inda yara da dabbobi ba sa kai wa, ya ƙanƙare, sannan a yar.

Daga ƙarshe, auna aikinka kafin ka saya. In lita guda ta isa, kada arahar galan ta ruɗe ka. In kuwa ya rage, tambayi maƙwabcin rumfa ko bencinsa na bukata, ku raba kuɗin.

Iyakar darasi ke nan. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.