Mota ta ƙi tashi: a fara duba kan batir

Yau Juma'a, kasuwar Maraɗi tana ci. Kun loda gujiya a Jiratawa. Direba ya murɗa makulli, shiru. Ko fitila ba ta kama ba.

Kada ku yi gaggawar sayen sabon batir. Sau da yawa datti ne ya tare wuta.

1. A zare makulli.
2. A kwance waya mai alamar (–) tukuna, sannan mai (+).
3. A kankare farin garin da ya taru a kan batir.
4. A mayar da (+), sannan (–). A ɗaure tamau.

Hattara! Ruwan batir yana ƙona fata. Kada a sha taba kusa.

In har yanzu shiru, sai a kira makaniki.

Tambaya: wace waya ake fara kwancewa?